Gidan hutu a bakin tafki a Ontariyo: mu saya ko mu haƙura?

Abban_Khalil: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan musamman mazauna Ontariyo. Akwai wani gida da muka gani a bakin tafki a yankin Haliburton, ɗaki uku da falo, ga ɗan dandamalin katako da ake ɗaure kwalekwale, suna neman dala dubu 650 kuma dillalin yace ya jima a kasuwa har an rage kuɗin. Ni da yayana muke son haɗa kuɗi, shi yana Kano ni ina Mississauga. Nufinmu iyali su riƙa zuwa hutu lokacin zafi, sauran makonnin a bada shi haya a Airbnb ya riƙa biyan kansa, in an kwana biyu kuɗinsa ya tashi mu sayar. Shin akwai wanda ya taɓa shiga wannan harkar? Me ya kamata in duba kafin in bada kafin alƙalami?

Hajiya_Brampton: Wa alaikumussalam. Allah ya sa alheri Abban Khalil. Ni dai tambayata ɗaya, a wane wata kaje ka ga gidan? Domin gidan bakin tafki a watan Yuli daban, a watan Afrilu daban.

Abban_Khalil: Hajiya watan Yuli ne, ruwa ya cika tafkin tam, wlh wajen ya yi kyau sosai.

Injiniya_Peterborough: To kaga abinda Hajiya take nufi kenan. Ɗan'uwa ka tambayi sunan tafkin ka bincika ko yana cikin tafkunan da ake tara ruwa domin hanyar ruwa ta Trent-Severn. Ita wannan hanya tsawonta kilomita 386 ne daga tafkin Ontariyo zuwa Georgian Bay, hukumar Parks Canada ke kula da ita, kuma da yawa daga tafkunan Haliburton irinsu Kennisis da Redstone matattarar ruwanta ne. Da ƙanƙara ta narke sai a toshe madatsai su cika, daga tsakiyar lokacin zafi kuma sai a fara sakin ruwan a hankali domin jirage su samu isasshen ruwa a hanyar. Kafin Oktoba a wasu tafkunan ruwan ya sauka fiye da mita guda, inda kake ganin yara na iyo sai ya koma taɓo da duwatsu, dandamalin nan naka yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Ba wai aibi bane, mutane na zaune a wajen shekara da shekaru, amma ka sani kafin ka saya kuma ya shiga lissafin farashi. Ka nemi hotunan watan Satumba da Oktoba, ko ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ka tambaye shi, sun fi dillali faɗin gaskiya.

Akanta_Ottawa: Kafin a kai ga maganar ruwa ni abinda ya tsaya min shine maganar yayanka. Yana da takardar zama ta dindindin a Kanada ko shaidar ɗan ƙasa? In babu to ku tsaya. Ontariyo na da haraji na musamman a kan baƙon da ya sayi gidan zama, kashi 25 cikin ɗari, tun Oktoban 2022 aka kai shi haka kuma duk faɗin lardin ne ba Toronto kaɗai ba. Abinda mutane basu sani ba shine in sunan baƙo ɗaya ya shiga takardar gidan, harajin a kan kuɗin gidan gaba ɗaya yake hawa ba a kan rabonsa kawai ba. A dubu 650 kaga dala 162,500 kenan, banda harajin sauya mallaka na kowa da kowa wanda a wannan farashin zai kama 9,475.

Abban_Khalil: Innalillahi. Bashi da ko ɗaya Malam Akanta, biza ce kawai ta ziyara. Ni dokar da na sani ita ce ta gwamnatin tarayya da ta hana baƙi sayen gida, kuma dillali yace min bata shafi yankin ba.

Akanta_Ottawa: A nan bai yi maka ƙarya ba. Dokar tarayya da ta fara aiki 1 ga Janairun 2023 aka kuma tsawaita ta zuwa farkon 2027 birane da garuruwan da ke da yawan jama'a ta shafa, ƙauyukan bakin tafki da dama suna waje. Amma ita daban, harajin lardi daban. Hani bai hau kansa ba amma haraji ya hau. Sannan in kun bada haya, rabon wanda baya zaune a ƙasar ana cire masa kashi 25 na kuɗin hayar a tura wa hukumar haraji, ranar sayarwa ma lauya zai riƙe wani babban kaso na kuɗinsa har sai takardar izini ta fito daga hukumar.

Bakano_Calgary: to ai sai a saka sunan Abban Khalil shi kaɗai, yayan ya turo kuɗi, su rubuta yarjejeniya tsakaninsu. meye wahala a ciki

Akanta_Ottawa: Ɗan'uwa kada ka bashi wannan shawarar. A takardun da lauya zai bashi akwai inda zai yi rantsuwa ko yana riƙe wa wani baƙo gidan ne, kuma dokar ta haɗa har da mai riƙon amanar baƙo. In ya ɓoye ya yi rantsuwar ƙarya, in aka gano kuma ga haraji ga tara. Ya zauna da lauyan gidaje ya faɗa masa komai yadda yake.

Maman_Hanan: Ni abinda zan ƙara ba na doka bane na zumunci ne. Haɗa dukiya da ɗan'uwa a kan abinda ɗaya yana gani kullum ɗaya kuma sai a hoto, yana da wuya. Kai zaka riƙa tuƙin awa uku kana gyaran famfo kana sharar ganye, shi kuma ƙarshen shekara zai tambaya ina riba, kuma yana da gaskiyar tambaya tunda kuɗinsa ne. In har zaku yi to a rubuta komai da shaidu, waye ke biyan gyara, waye ke da makonnin Yuli, in ɗaya ya rasu ya za'a yi da magada, in ɗaya yana son fita wa zai sayi rabonsa kuma da wane farashi. Allah ya bar zumunci.

DanKatsina_Barrie: Ni a Barrie nake zaune bakin tafkin Simcoe, kuma aikina na gyaran hita da bututu yana kaini gidajen Muskoka sosai, Gravenhurst, Bracebridge, Port Carling, duk ina shiga. Abban Khalil bari in gaya maka abinda nake gani da idona. Mutanenmu in sun je ganin gida kicin suke dubawa da fenti da girman falo, alhali a can ginin shine abu mafi arha a cikin abinda kake saya. Kuɗin yana cikin bakin ruwan ne, ƙafa nawa ne faɗinsa, yashi ne ko dutse ko ciyawa, da zurfi ko babu, yana kallon yamma ne ko arewa domin wanda ke kallon faɗuwar rana yafi tsada, tudu ne mai matakala da yawa ko shimfiɗe yake. Bayan wannan sai abubuwan da ba'a gani. Babu ruwan famfo na gwamnati babu magudanar bayan gida, kowane gida da sokawensa, in tsoho ne ya lalace canza shi dubban daloli ne masu yawa kuma ba zasu barka ka sa sabo kusa da ruwa yadda kake so ba. Ka ce a zuƙe shi a duba cikinsa kafin ciniki ya faɗa, ka nemi takardar izinin da aka gina shi da ita. Ruwan sha kuma ko rijiya ko bohol ko kuma daga tafkin ake ja da inji, in daga tafki ne kuma bututun bashi da waya mai ɗumama shi to daga Nuwamba babu ruwa sai an shiga Mayu. Yawancin masu arha gidajen da ba'a zama a ciki da hunturu ne, bangon ba'a cusa masa abin tare sanyi ba, dole a zuƙe duk ruwan bututu a rufe gida a Oktoba, in aka manta ko lungu ɗaya ƙanƙara ta fasa shi. Rabin aikina na watan Mayu kenan.

Abban_Khalil: Allah ya saka da alheri Ɗan Katsina. A tallan sun rubuta ana iya zama duk shekara, amma gsky ban tambayi maganar bututun ba. Rijiya ce inaga.

DanKatsina_Barrie: "Inaga" bata isa ba ɗan'uwa, ka sa a rubuta. In rijiya ce ka ɗebi ruwan a kwalbar da ofishin lafiya ke bayarwa, gwajin ƙwayoyin cuta kyauta ne a Ontariyo ga masu rijiyar gida. Sannan hanya! Ka tambaya hanyar da ta kai ƙofar gidan ta ƙaramar hukuma ce da ake share mata dusar ƙanƙara ko ta masu gidajen ce da suke haɗa kuɗi duk shekara. Ƙarshen Nuwamban 2024 dusar da ta sauka a Gravenhurst ta kai wajen santimita 140, babbar hanya ta 11 ma rufe ta akayi balle wata 'yar hanyar daji. Banki da kamfanin inshora duk sai sun tambayi wannan.

Zango_Toronto: Salam 'yan uwa. Ni mutumin Kumasi ne, shekaruna a Toronto sun yi yawa. Ban saya ba amma duk shekara muna haɗuwa gida uku mu kama haya na mako guda a yankin Kawartha, kowa ya biya nasa, yara su yi wasa mu gasa nama mu dawo. Babu haraji babu inshora babu sokawe. In ka lissafa abinda zaka kashe a shekara wajen riƙe gidanka, zai kama maka hayar makonni da dama a tafkin da kake so, bana nan baɗi can. Ni ban ga dalilin saye ba sai ga wanda kuɗi suka yi masa yawa.

Ummu_Sudais: Baban Zango ka faɗi gaskiya ta fannin lissafi amma ba komai bane lissafi. Mu mun saya a wani ƙaramin tafki kusa da Bancroft kafin korona, kuma wlh ban taɓa nadama ba. Gidan haya baka san wa ya kwana jiya ba, ga kwalaben giya a firji ga gashin kare a kujera, sai ka wuni kana wanke waje kafin ka shimfiɗa darduma. Namu kuwa tukwanena suna can, butocin alwala suna can, mun san alƙibla, kuma da yake lungu ne babu mai ganinmu ni da 'yan matana muna shiga ruwa hankali kwance, abinda bazamu iya yi a bakin ruwan jama'a ba. Yarana a can suka koyi iyo da tuƙa kwalekwale, a can suke ajiye waya su zauna da babansu. Wannan ban san nawa zan sa masa ba. Amma fa mun saya ne domin mu zauna, ba domin ya biya kansa ba, kuma ba mu taɓa bada shi haya ba.

Hajiya_Brampton: Ummu Sudais ya kuke yi da ƙudajen nan masu cizo? Mun je Huntsville ƙarshen Mayu wata shekara, yaran duk wuyansu ya kumbura.

Ummu_Sudais: Hajiya ai daga tsakiyar Mayu zuwa cikin Yuni lokacinsu ne, baƙaƙen ƙananan nan, suna tafiya sauro ya karɓa. Mun sa raga a baranda gaba ɗaya, da yamma a ciki muke zama. Daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba kuma lafiya lau.

Lauje_Scarborough: Akwai abu ɗaya da ba wanda ya ambata kuma shi yafi kama sabbin masu saye. A ƙarni na 19 da safiyoyin gwamnati suka yanka filayen yankunan nan, sun bar wani zirin fili mai faɗin ƙafa 66 a gefen tafkuna da yawa da sunan hanya, wajen mita 20 kenan. Ba'a taɓa yin hanyar ba amma zirin yana nan a takarda, kuma a wurare da dama har yau na ƙaramar hukuma ne. Ma'ana kana iya sayen gidan bakin ruwa alhali bakin ruwan ba naka bane, wani lokaci ma dandamalin ko wani ɓangare na ginin a kan filin hukuma yake. Ana iya nema a saya daga hannunsu amma sai ka biya safiyo da lauya da kuɗin filin kuma yana ɗaukan watanni. Ka tambayi lauyanka ko masu gidan na baya sun riga sun saye shi, kuma ka nemi taswirar safiyo ta kwanan nan ba ta zamanin kakan mai gidan ba.

Abban_Khalil: Wannan kam ban taɓa ji ba. Na rubuta. Jazakallahu khairan.

Sabon_Zuwa: dan Allah ku yi haƙuri ni sabo ne, naga wasu a wajen Sauble Beach kuɗinsu bai kai rabin wannan ba kuma dab da ruwa, meyasa?

Lauje_Scarborough: Ƙanina duba da kyau, yawanci waɗannan a kan filin haya suke. Kudancin Sauble ƙasar al'ummar Saugeen ce, 'yan asalin ƙasar, haka ma tsibirin Christian na al'ummar Beausoleil. Ginin naka ne amma ƙasar tasu ce, kana biyan kuɗin haya duk shekara kuma ana sabunta yarjejeniya a sake farashi. Bankuna da yawa basa bada bashi a kansu shi yasa suke arha. Ba zamba bace, tsari ne sananne, sai dai ka karanta yarjejeniyar ka san shekara nawa suka rage.

Bakano_Calgary: ni fa har yanzu ina ganin in mutum nada dubu 650 gara ya kai gida. nawa ne wannan a naira? ka sayi filaye a Kano ko gida a Abuja ka zuba 'yan haya, gobe in ka koma kana da wajen zama. wannan gidan dajin wata huɗu kawai zaka more shi a shekara

Akanta_Ottawa: Bakano wanda ya kai dala gida kafin Yunin 2023 da aka saki naira ka tambaye shi nawa kadararsa take yanzu in ya mayar da ita dala. A naira ta tashi, a dala da yawa sun yi ƙasa. Kowane waje da irin haɗarinsa. Amma na yarda da kai a abu ɗaya, gidan hutu ba shine jarin da ake zato ba. Mutane suna tuna 2020 zuwa farkon 2022 ne lokacin da babban bankin Kanada ya ajiye kuɗin ruwa a kashi 0.25, kowa na aiki daga gida, mutanen Toronto suka yi ta rububin gidajen tafki ana saye ba tare da an duba komai ba. Daga Maris 2022 aka fara ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 5 a Yulin 2023, kasuwar ta yi sanyi, kuma in abu ya matse gidan hutu ake fara sakawa a kasuwa ba gidan zama ba. Shi yasa Abban Khalil yake ganin an rage farashi. Alheri ne ga mai saye, amma ka tuna ranar da kai ma zaka sayar haka zaka zauna jira, domin masu sayen irin wannan daga bazara zuwa farkon kaka suke fitowa, in hunturu ya shiga shikenan sai wata shekara.

Malam_Zazzau: Assalamu alaikum. Tunda an ambaci kuɗin ruwa bari in sa baki. Abban Khalil baka faɗa mana ba kuɗi a hannu zaku biya ko bashin banki zaku ci. Malaman da suka yi sassauci a kan bashin gida mai ruwa a ƙasashen nan, lalura suka duba, mutum bashi da inda zai sa iyalinsa. Gida na biyu na hutu ban san yadda za'a kira shi lalura ba. Akwai kamfanonin da ke bada kuɗin gida ta hanyar murabaha ko musharaka a Kanada irinsu Manzil da Eqraz, sai ka tambaye su ko suna karɓan irin wannan gidan. Sannan zakka, gidan da kake zama ko hutu a ciki babu zakka a kansa, na haya kuma a kan kuɗin hayar ne in ya kai nisabi ya shekara. Wanda aka saya da niyyar kasuwanci ana jiran farashi ya tashi, a mazhabar Malikiyya in ka sayar zaka fitar da zakkar shekara ɗaya. Naka ya haɗa niyya uku, don haka ka zauna da malamin da ka yarda dashi ka warware masa. Allah shine masani.

Abban_Khalil: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Muna da kusan rabi a hannu, ragowar ne muke tunanin nema. Maganar ta shige ni gsky.

Maman_Hanan: Malam to ya hukuncin bada haya ga waɗanda ka san zasu sha giya su yi casu a ciki? Domin masu kama gidan tafki a ƙarshen mako da yawa abinda ke kaisu kenan.

Malam_Zazzau: Hajiya asalin bada gida haya domin kwana halal ne, abinda ɗan haya ya aikata a ɓoye yana wuyansa. Amma in ka san domin saɓo aka kama, ka bayar, to ka taimaka a kai. Yana iya rubuta sharaɗi cewa iyali kawai kuma banda biki, ko ya riƙa ba 'yan uwa musulmi da ke neman irin wajen da Ummu Sudais ta siffanta, suna da yawa.

Injiniya_Peterborough: A kan maganar hayar nan, lissafin "zai biya kansa" shi nake so a sake dubawa. Ƙananan hukumomi da yawa yanzu sai da lasisi, Huntsville da Kawartha Lakes suna dashi, yankin Haliburton ma sun shigo da nasu. Zasu duba sokawe su ƙayyade mutum nawa zasu kwana gwargwadon ɗakuna, su nemi wanda zai iya zuwa da wuri in maƙwabta sun kai ƙara, kai kuma kana Mississauga. Dole ka ɗauki mai shara da mai kula, inshorar gidan haya ta fi ta gidan zama tsada, in akwai murhun itace sai an kawo mai duba shi ya bada takarda. Kuma makonnin da ake samun kuɗin kirki Yuli da Agusta ne, su ne kuma iyalinka suke so tunda lokacin ne yara ke hutun makaranta. Ba'a gudu ana susar takashi, ko ku more ko ku tara kuɗi.

Akanta_Ottawa: Ƙari a kan na Injiniya, in kuɗin hayar gajeren zango ya wuce dala dubu 30 a shekara sai ka yi rajistar HST, wato harajin saye da sayarwa, kana karɓan kashi 13 kana turawa, kuma gidan da aka mayar kamar otal yana iya jawo HST a ranar sayar dashi. Ribar sayarwa kuma rabinta ake haɗawa da kuɗin shigarka a yi mata haraji, domin gida ɗaya tak iyali ke iya warewa a matsayin gidan zama da ba'a yi wa wannan harajin a kowace shekara. An so a ɗaga rabin nan zuwa kashi biyu cikin uku a 2024, mutane da yawa suka yi gaggawar sayarwa ko mayar wa 'ya'yansu kafin 25 ga Yuni, daga baya a Maris 2025 gwamnati ta janye. In kuma ka sayar kafin kwana 365 duk ribar ake ɗauka a matsayin kuɗin kasuwanci. Ka ajiye rasit na duk wani babban gyara, rufi ko sokawe ko dandamali, yana rage maka harajin a ƙarshe.

Dan_Damagaram: Sannunku. Ni ina Montreal, nan ma muna da irinsu a Laurentides. Abokin aikina ya gaji na mahaifinsa shi da ƙannensa, a ƙasar nan in mutum ya rasu ana ɗauka kamar ya sayar da kadarar a ranar, sai harajin ribar shekaru masu yawa ya faɗo a kan magada, basu da kuɗin biya dole suka sayar da gidan da suka tashi a ciki. Duk mai saye ya yi wasiyya a rubuce tun yanzu, balle mu da muke son a raba gado yadda addini yace.

Hajiya_Brampton: Ba wanda ya yi maganar ambaliya. Ni 2019 bazan manta ba, Bracebridge da Huntsville duk sun ayyana dokar ta ɓaci a watan Afrilu har sojoji aka kai suna cika buhunan yashi, garejin kwalekwale da yawa a tafkin Muskoka sun lalace. Minden ma da ke yankin da Abban Khalil yake magana kogin Gull ya sha shiga gari, 2013 an yi babba. Abinda yasa na tambayi wata tun farko kenan. Ka je a Afrilu ka ga inda ruwa yake kaiwa, ka duba ƙasan ginin ko akwai alamar layin ruwa, kuma ka kira kamfanin inshora kafin ka sa hannu ka ji ko zasu yarda su biya asarar ambaliya a wannan adireshin.

DanKatsina_Barrie: Gaskiyar Hajiya. Ga kuma wuta, ruwan ƙanƙarar ƙarshen Maris 2025 ya karya itatuwa da turakun lantarki daga Orillia har Peterborough, wasu sun fi mako babu wuta, kuma na ƙarshen layi a daji su ake gyara wa a ƙarshe. Babu wuta babu injin rijiya babu hita. Janareta dole ne a can.

Ummu_Sudais: Duk abinda kuka faɗa gaskiya ne amma kada ku tsorata bawan Allah gaba ɗaya. Dubban mutane suna riƙe da gidajen nan kuma ba duka attajirai bane, maƙwabcinmu tsohon direban bas ne. Abu ne da ake koya a hankali, shekarar farko ce mai wuya. Mu dai abinda ya fi damunmu nisan masallaci ne, in Juma'a ta kama mu a can maigida sai ya yi doguwar tafiya zuwa Peterborough, nama kuma daga gida muke tahowa dashi a kula.

Zango_Toronto: Hajiya Ummu ni ban ce kada a saya ba. Cewa nayi ya kama haya a wannan tafkin dai, sau ɗaya a Yuli sau ɗaya a Oktoba, ya bi hanyar 400 ko 35 ranar Juma'a da yamma da yara a mota ya ji yadda take, in har yanzu ransa na so to bismillah.

Abban_Khalil: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na yi waya da Yaya daren jiya na karanta masa abinda Malam Akanta ya rubuta, yace shi dai a cire sunansa, in ina so in yi ni kaɗai zai ranta min abinda ya sawwaƙa. Na tura wa dillali tambayoyi a rubuce, sokawe, rijiya, hanya, zirin ƙafa 66 da hotunan kaka. Ya amsa biyu, yace hanyar ta masu gidaje ce kuma tafkin yana cikin waɗanda ake sauke wa ruwa, sauran yace sai ya tambayi mai gidan. Uwargida tana son wajen sosai, ni kuma maganar Malam Zazzau ce ta tsaya min.

Akanta_Ottawa: In rance ne na gaskiya ba hannun jari ba to a rubuta shi a matsayin rance, kuma ka nuna wa lauya takardar tare da shaidar inda kuɗin suka fito, za'a tambaya.

Lauje_Scarborough: Kuma dillalin nan na mai gidan ne ko naka? In wanda sunansa ke kan allon talla ne to mai sayarwa yake yi wa aiki. Ka samu naka wanda yake zaune a yankin ya san tafkunan ɗaya bayan ɗaya, ba na Mississauga ba, kuma ka duba sunansa a rajistar RECO, hukumar da ke kula da dillalan gidaje a Ontariyo. Tunda hanyar ta masu gidaje ce ka nemi lambar shugaban ƙungiyarsu ka ji nawa ake biya a shekara, ana share ta da hunturu ko a'a, kuma haƙƙin bin hanyar yana rubuce a takardar gidan ko al'ada ce kawai.

Sabon_Zuwa: to in mutum bai saya ba yana son hayar mako guda kamar yadda Baban Zango yace, wane wata ya kamata ya fara nema? kuma kwalekwale mai inji sai da lasisi ne?

Zango_Toronto: Tun Janairu ko Fabrairu ƙanina, masu kyau na Yuli da wuri suke ƙarewa. Mai inji sai da katin tuƙi, jarabawa ce ake yi ta intanet, na hannu kuma baya buƙata amma kowa ya sa rigar ruwa musamman yara, ko sun iya iyo.